Wai wane ne sinaifa a fagen yaƙi?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum. Jiya da dare gardama ta kaure a majalisarmu. Ana labarin yaƙin Yukren a rediyo sai aka ambaci sinaifa. Wani ya ce sunan bindiga ne, wani ya ce duk sojan da ya iya saiti shi ne. Mai shayinmu kuwa ya ce shi Sniper ɗin da ya sani maganin ƙwari ne. Don Allah a raba mana gardama.

Malamar Samaru:
Wa alaikumus salam. Mutum ne. Sunan ya samo asali daga wani tsuntsun fadama mai dogon baki da Turawa ke kira snipe. Launinsa ya saje da ciyawa, in ya tashi kuma ba ya miƙewa, sai ya yi ta karkacewa. Sojojin Ingila da ke Indiya a shekarun 1770 suna farautarsa, wanda ya iya kayar da shi an san gwani ne. Daga baya sunan ya koma kan sojan da ke harbi daga maɓoya.

Tsohon Soja, Sabon Gari:
Malama ta yi daidai, amma yarona, ka gaya wa abokinka iya saiti kaɗai ba ya isa. Ni a Defo na nan Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, aka koya mini riƙon bindiga. A cikinmu akwai waɗanda hannunsu ba ya kuskure, amma ba wanda ya kira su sinaifa. Sai an sake tacewa, an ba mutum horo na musamman.

Danna kunama shi ne ƙaramin aikin. Babban shi ne kwanciya. Ka lulluɓe da ciyawa da tsumma, ka wuni rub da ciki, cinnaka na cizonka, fitsari ya matse ka, ba damar motsi. Yawanci su biyu ne: mai bindiga, da mai madubin hangen nesa da ke auna masa tazara da ƙarfin iska. Harsashi in ya yi nisa sunkuyawa yake yi, iska kuma na ture shi, don haka lissafi ne zalla. Su kan nemi kwamanda ko mai rediyo ko mai mashinga. Sau tari ma ba sa harbi, su ƙirga motocin abokan gaba su aika rahoto. In an san akwai shi a wuri, runduna guda sai ta kasa ɗaga kai, ko ruwa ba mai zuwa ɗebowa.

Na Ƙofar Doka:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma zamanin yanzu ai kayan aiki ne. A 2017 wani sojan Kanada ya harbi mutum a Iraƙi daga nisan mita 3,540.

Tsohon Soja, Sabon Gari:
Amin. To Simo Häyhä fa, manomin Finland? A yaƙinsu da Tarayyar Sobiyet, 1939 zuwa 1940, an ce ya kashe sama da 500, kuma bindigarsa ko madubi babu. Ya ƙi shi ne don gilashi na ƙyalli, kuma yana sa mutum ɗaga kai. Har ƙanƙara yake cusawa a baki kada tururin numfashinsa ya tona shi.

Sai dai ku samari ku rage yi wa abin kirari. A Sarayebo, babban birnin Bosniya, lokacin yaƙin da ya fara a 1992, masu irin wannan harbin daga saman benaye suka riƙa ɗauke mata da yara a kan titi, har mutane na tsallakawa a guje ko su raɓe a bayan motar sulken Majalisar Ɗinkin Duniya.