Cold smoking da Hausa: bandar sanyi ko bandar hayaƙi?

1. Wata ƙanwata da ke sayar da ƙyafaffen kifi a Sakkwato ta samo wata takardar koyon sana'a da Turanci, ta ce in mayar mata da Hausa. Ina cikin tafiya sumul sai na ci karo da kalmomi biyu, hot smoking da cold smoking. A nan alƙalami ya tsaya.

2. Ta farkon ba ta ba ni wuya ba. Banda ce, wadda muka gada. A jera tarwaɗa ko karfasa a kan raga, a hura wuta a ƙasa, zafi ya dafa, hayaƙi ya busar. Haka Sarkawa ke yi a bakin gulbin Rima da wajen Goronyo. Kifin Baga ma da ke zuwa a kwali daga Tafkin Chadi, da wannan suna aka san shi.

3. Ta biyun ce matsalar. A wannan hanyar ana fara jiƙa kifi da gishiri, sannan a rataye shi a ɗakin da babu wuta. Wutar tana can gefe, hayaƙinta kawai ake jawowa ta bututu, kafin ya iso ya huce. Ba a barin zafin ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, alhali bandarmu takan wuce 60. Kifin zai kwana ɗaya ko fiye, ya ɗauki ƙamshi da launi, amma bai dahu ba. Haka ake yi wa kifin salmon a Nowe da Sikotland, a yanka shi siriri kamar takarda a ci da burodi.

4. Asalin sunan ke nan: hayaƙin ne mai sanyi, ba garin ba. Sai dai dabarar ta ƙasashen sanyi ce. Mu da watan Afrilu ke kai mu sama da digiri 40 a inuwa, ko ba a hura wuta ba mun riga mun karya ƙa'ida.

5. Da farko na rubuta "bandar sanyi". Na karanta wa ƙanwar tawa, sai ta ce, "Yaya, wato wadda ake yi da hunturu?" Shi ke nan, na soke. Ga Bahaushe sanyi lokaci ne.

6. Na je kasuwa wajen wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, na kwatanta masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wanga ba banda ba ta, turare na. Kihin da wuta ba ta taɓa ba ai ɗanye na." Na ce, "Baba, to in ce turararren kifi?" Ya yi dariya ya ce ni na sani.

7. Maganarsa ta kusa saye ni, don kuwa haka mata ke turara tufafi: hayaƙi ya ratsa, wuta ba ta taɓa ba. Amma ku shiga ɗakin girki ku ce turara. Dambu za a tuna, da madambaci, da tururi. Mai karatu zai ɗauka dafawa ake nufi, kishiyar abin da muke so.

8. Wani abokina malamin makaranta ya ce a bar kalmar ƙyafe ga mai zafi, kalmar banda kuma ga mai sanyi. Ban yarda ba. Masu sana'a sun riga sun san me banda take nufi, ba mu da hurumin ƙwace musu kalma daga kan tebur.

9. Inda na tsaya: bandar wuta da bandar hayaƙi. A ta farko wuta ce ke aikin, a ta biyu hayaƙi kaɗai ke isa ga kifin. Na san za a ce kowace banda ai da hayaƙinta. Gaskiya ne, amma in an jera su biyu kunne yana raba su nan take, kuma ƙanwata ta gane ba tare da ƙarin bayani ba.

10. Mutanen Yawuri da Argungu, in kuna da wata tsohuwar kalma, ku kawo kafin Asabar, ranar ne zan miƙa mata takardar.