Yaya zan tura binciken mutum zuwa Google ko Bing daga saba?

Sabon_Shiga:
Salam 'yan uwa. Ina haɗa wani ɗan shafi da PHP, akwatin bincike ɗaya ne da wajen zaɓi, mutum ya rubuta abin da yake nema ya zaɓi Google ko Bing ko DuckDuckGo, yana dannawa a wuce da shi can. Na yi da header kuma yana tafiya in kalma ɗaya ce, amma da an sa & a ciki sai rabin maganar ya ɓata, wani sa'in kuma ya ce min headers already sent. Ba na son JavaScript saboda wasu na kashe shi a burauza. Don Allah a taimaka.

Mai_Koda:
Wa alaikumus salam. Ɗanyen rubutun kake liƙawa a jikin adireshin, shi ya sa. A URL alamar & ita ke raba bayani da bayani, duk abin da ya biyo bayanta ba a lissafa shi cikin q, wato wajen da abin da ake nema ke shiga a adireshin, haka + ma fili ake ɗaukarsa, gwada neman C++ ka gani, C kawai zai isa can. Ka fara bi da shi ta urlencode:

header("Location: https://www.google.com/search?q=" . urlencode($_GET['q']));
exit;

& zai koma %26, + ya koma %2B, har su ƙ ɗinmu zai mai da %C6%99 matuƙar shafin a UTF-8 yake. Waccan ta headers kuma wani abu ne ke riga header ɗin fita, ko echo, ko layi ɗaya fanko a saman <?php, ko BOM ɗin da wasu editoci ke sakawa a farkon fayil wanda ido ba ya gani. Kuma kar ka bar exit, in ba haka ba sauran kodin ci gaba zai yi da gudu.

Yar_Linux:
Malam Mai_Koda ya gama magana, ƙari ɗaya gare ni kuma wallahi ya fi sauran muhimmanci. Kar ka kuskura ka sa cikakken adireshin injin a cikin fom ɗin ka riƙa karɓa yadda ya zo, don wani zai canza shi ya sa shafinsa na damfara ya raba wa mutane, su ga sunan shafinka a gaba su yarda su danna, su tsinci kansu wani wuri ana tambayarsu fasuwod. Fom ya turo gajeren suna kawai, google ko bing ko ddg, ainihin adireshin yana cikin array a sabarka, abin da ba ya ciki a watsar. Sannan ka bar shi a 302 ɗin da PHP ke bayarwa da kansa, wato lambar turawa ta wucin gadi, 301 ta dindindin ce, burauza riƙewa take, ran da ka sauya adireshi za ka sha fama.

Sabon_Shiga:
Ya yi aiki, Allah ya saka da alheri! To in ina son sakamakon ya fito a cikin shafina fa ba sai mutum ya fita ba? Na ga ana maganar cURL.

Mai_Koda:
Tab, wannan kuma wata rigimar ce daban. Yanzu burauzar mutum ce ke zuwa Google, kai nuna hanya kawai ka yi. Da cURL kuwa, wato sabarka ce za ta je ta ɗauko shafin da kanta, duk binciken jama'arka daga IP ɗaya zai riƙa fita, nan da nan za a fara jefo maka captcha ko 429, wato saƙon cewa buƙatunka sun yi yawa, ga shi dokokinsu sun hana, ga tsarin shafin nasu yana canzawa babu sanarwa kodinka ya karye. iframe ma, wato saka shafinsu a cikin naka, ba zai yi ba, sun toshe. API ɗin Bing da ake dogara da shi wajen karɓo sakamako ta kodi, Microsoft ta rufe shi a Agustan 2025. In dai ka nace, duba SearXNG, kyauta ne, da Python aka rubuta shi, yana tattaro sakamako daga injina da yawa kuma kana iya ɗora shi a sabarka, amma shi ma ana toshe shi in zirga-zirga ta yi yawa.