Ruwan farko ya sauka, hoto ya daskare: me kuka tarar a wayar parabol ɗinku?

Mai shagon caji, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da ruwan farko ya sauka nake fama da tele ɗin shago. Parabol yana nan inda yake, babu wanda ya taɓa shi, dikoda kuma sabuwa ce, amma hoto sai ya daskare ya farfashe, murya ta riƙa yankewa, can sai allo ya yi baƙi. Da a lokacin ruwa kaɗai yake yi da ban damu ba, wannan kowa ya saba da shi. Abin da ya ɗaure mini kai, ko hadari ya wuce rana ta fito, matsalar tana nan. CRTV tana fitowa, wasu tashoshin kuwa sun ɓace ɗungurungum. Maƙwabcina ya ce dikoda ce, yaron da ya kafa mini ya ce LNB ne, wato 'yar na'urar nan da ke gaban faifan parabol mai karɓar sigina. Kafin in zuba kuɗi, don Allah duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya faɗa mana abin da ya tarar.

Mai gyaran tele, Marwa

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Ka sa a hau, a kwance kan wayar nan da ke ɗaure a gindin LNB, a duba cikinsa. In ka ga ragar wayar ta yi baƙi ko ta yi fari-fari kamar gari, ko ƙarfen tsakiya ya yi tsatsa, to ka kama ɓarawonka. Duk farkon damina aikin da ya fi zo mini ke nan. Zafin Maris da Afrilu, da yakan haura 40 a nan Marwa, shi ke busar da robar waya ta tsattsage, ƙurar rani ta cika tsagar, ruwa yana zuwa ya samu ƙofa a buɗe. Ragar nan kuwa tana jan ruwa kamar lagwanin fitila. Na taɓa yanke waya a cikin ɗakin wani Alhaji, nesa da inda ruwan ya shiga, ruwa ya ɗigo mini a hannu, bayan dikodar ma ya fara tsatsa.

Batun wasu tashoshi su fito wasu su ɓace, ga dalilinsa. Wayar nan ba hoto kaɗai take kawowa ba, ita ce ke kai wa LNB wuta daga dikoda. Dikoda tana tura bolt 13 don rukunin tashoshi ɗaya, bolt 18 don ɗaya rukunin. In kan waya ya yi tsatsa, 18 ɗin ba ya isa sama da ƙarfinsa, sai LNB ya tsaya a rukunin farko, rabin tashoshinka su tafi. Sannan siginar da ke saukowa tana tsakanin megahaz 950 zuwa 2150, kuma na saman su ne waya maras kyau ke fara cinyewa.

In za ka sauya, ka nemi RG-6, ba RG-59 ba. Ta biyun siririya ce, ta kyamarar tsaro ce. Ka sa mai shago ya fere maka bakinta ka gani da idonka. In ragar 'yan zare ne jefi-jefi kana hango farin soson ciki, ajiye masa abarsa. Ni har da mayen ƙarfe nake zuwa kasuwa: in ya kama tsakiyar, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Uwargida, Ngaundere

Sannunku da ƙoƙari. Mu namu ba waya ba ce. Kun san ruwan Ngaundere ba irin na Marwa ba ne, sai ya wuni yana zuba. Bara yara suka rasa Arewa24, muka sauya waya gaba ɗaya, babu abin da ya canza. Ƙanen maigida ne ya hau ya ga farar hular da ke bakin LNB ta tsage, ruwa ya taru a ciki har da gansakuka. Da aka sa sabo komai ya dawo. To a duba nan ma, tun da an riga an hau. Sabuwar wayar kuma ba ta daɗe ba, don an biyo da ita ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, kullum ƙofa na danne ta har ta baje. Yanzu mun huda bango.

Mai shagon caji, Garwa

Allah ya saka da alheri. Yaro ya hau yanzun nan. Kan wayar ya ci tsatsa har sai da filaya ya kwance, ragar ta zama gari. Mun yanke kamar kamu biyu muka sa sabon kai, tashoshi sun dawo, sai dai inganci bai kai na da ba. Hular LNB lafiya take, Hajiya, na sa ya duba.

Mai gyaran tele, Marwa

Ruwan ya yi nisa a ciki ke nan. Ci gaba da yankewa har ka ga raga mai ƙyalli, in ba ka same ta ba sai sabuwa.

Mai gidan kallon ƙwallo, Kuseri

Ni tawa matsalar raba waya ce. Tele biyu gare ni, dikoda biyu, saboda ranar da wasanni suka haɗu. Wani ya sa mini ɗan ƙarfen nan mai raba waya gida biyu a kan LNB ɗaya. Ranar wasa, gida ya cika, dikoda ɗaya na neman 13 ɗaya na neman 18, sai ɗaya ta rinjayi ɗaya, allo guda ya mutu. Wanda bai taɓa tsayawa gaban matasa sun biya kuɗinsu hoto ya ɗauke ba, ba zai gane tashin hankalin ba. Maganin shi ne LNB mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta tun daga sama. Mai rabawar nan ko lafiyarsa ƙalau, kowane ɓangare ƙasa da rabin sigina yake samu.

Sannan farar waya ba ta jure ranar Kuseri, musamman in ta kwanta a kan kwano. Baƙa nake saya yanzu, in zura ta cikin bututun roba.

Dattijo mai rediyo, Njamena

'Ya'yana, na karanta duka, kuma na ji daɗi, don abin da kuke faɗa a kan tele shi muke fama da shi a rediyon magana, sai dai namu ya fi tsanani saboda mu turawa muke yi, ba karɓa kaɗai ba.

Bari in fara da ɗan gyara ga mai gyara na Marwa. Mayen ƙarfe ya kama tsakiyar waya ba shi ke nuna wayar banza ce ba. Sigina a fatar ƙarfe take tafiya, ba a cikinsa ba, shi ya sa RG-6 masu kyau da yawa ƙarfe ne da rufin jan ƙarfe. Inda take kasawa shi ne wajen kai wuta in tafiyar ta yi tsawo, da kuma in rufin ya yi siriri har tsatsa ta samu shiga. A gajeren zango raga da kai su ne abin dubawa.

Na yi shekaru ina kula da ripita, wato na'urar da ake ɗorawa a wuri mai tsayi ta karɓi maganar ƙaramar rediyon hannu ta sake watsa ta nesa. Mu masu rediyo na sha'awa a Afirka zangonmu da ake kira mita 2 yana tsakanin megahaz 144 da 146, kuma tsakanin inda ripita ke saurare da inda take magana kilohaz 600 ne kacal. A lokaci guda take yin biyun, a kan eriya ɗaya da waya ɗaya. Akwai gwangwanayen tacewa da ke raba su don kada muryarta ta toshe mata kunne. To duk wata 'yar tsatsa a hanyar, ko kai da bai ɗauru ba, sai ta zama ƙara. Wata damina ripitar da nake kula da ita ta kurumce: ana jin ta garau daga nesa, amma ita ba ta jin kowa sai wanda ke kusa. Na sa ma'aunin da ke nuna ƙarfin da ke dawowa daga eriya, ya nuna komai lafiya, har ya fi na da kyau. Wannan kyan shi ya tayar mini da hankali. Jiƙaƙƙiyar waya tana cinye abin da ya tafi, ta cinye abin da zai dawo, sai ma'auni ya ga babu abin da ya dawo ya ce lafiya. Da muka sauko da ita, ruwa ya shiga ta kan PL-259 da ke gindin eriya. Wannan kan ba a yi shi don ruwa ba. Mai suna N ya fi shi, yana da roba a ciki, amma shi ma sai an naɗe.

Wayar tele om 75 ce, ta rediyon magana om 50, kada a haɗa su. A cikin namu ma akwai bambanci mai yawa. In tsawon waya mita 30 ne, a zangon mita 2, in ka tura wat 25 ta siririyar RG-58, abin da zai isa eriya bai fi 6 ko 7 ba. Ta RG-213 mai kauri za ka samu wajen 14. Ta mai taurin nan ta rabin inci, wadda jikinta bututun jan ƙarfe ne, kusan 20. Asarar nan kuma haka take a wajen saurare. In ka hau zangon santimita 70, wato 430 zuwa 440, abin ya fi haka muni. Shi ya sa nake jin ciwo in ga mutum ya tara kuɗi ya sayi rediyo mai tsada da doguwar eriya, sannan ya haɗa su da wayar da ya tsinta. Ga ripita kuwa, ko waya mai kyau irin wadda aka haɗa takardar alminiyam da raga ta wani ƙarfen daban, ba na sa ta. In ta kwana biyu iska na kaɗa ta, ƙarfen biyu na gugar juna, sai ka ji ƙarar ƙas-ƙas duk lokacin da ripita ta buɗe baki.

Naɗin kai kuwa, na tele da na rediyo duk ɗaya ne. Salatif ɗin lantarki shi kaɗai ba ya yi, rana na narkar da ƙaronsa ya saki. A fara da tef ɗin roba mai haɗewa da kansa, a ja shi sosai, a naɗo daga ƙasa zuwa sama, sannan a rufe shi da baƙin salatif don rana. Kafin waya ta shiga bango a sake ta ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa, ruwa ya ɗiga a nan.

Ɗalibi, Marwa

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tambaya biyu. Mutum zai iya sayen rediyon hannu ya fara magana haka nan? Sannan batun TNT, wato tele na zamani da ake kamawa da eriya ba parabol ba: kawuna ya sayi eriya irin ta da ya haɗa da dikodar parabol bai samu komai ba. Na gaya masa ba hanyarsu ɗaya ba, ta parabol DVB-S2 ce, ta eriya DVB-T2, kuma sai akwai tashar da ke watsawa kusa da kai. Lokacin da nake wurin yayana a Duwala na ga ana kamawa da eriya. Mun karanta cewa wa'adin da aka sa wa ƙasashen Afirka da Turai na barin tsohon tsarin watsa tele ta eriya 17 ga Yuni 2015 ne, amma mu nan arewa har yau parabol ne abin dogaro.

Dattijo mai rediyo, Njamena

Ɗana, kada ka kuskura ka yi magana a iska ba da izini ba, balle a yankinku da sha'anin tsaro yake yadda yake. A Kamaru hukumar sadarwa ta ART ce ke kula da wannan, a nan Cadi ARCEP. Mai lasisi ana ba shi alamar kira, ta Kamaru tana farawa da TJ, tamu da TT. Ka fara da saurare da karatu.

Abin da ka gaya wa kawunka daidai ne. Ka ƙara masa da cewa tashoshin eriya na zamani suna tsakanin lamba 21 da 48, wato daga megahaz 470 zuwa 694, kuma sama da nan an bar wa wayar salula. In gidansa na kusa da dogon ƙarfen kamfanin waya, kada ya sa ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi ta araha a eriya, don za ta kwaso siginar salula ta toshe masa komai. Tsohon tsari in sigina ta yi rauni kana gani da yayyafi a allo. Na zamani ko dai garau ko babu, saboda haka 'yar asarar da waya ke yi ita ce ke raba mai kallo da mai zaman jiran hoto.

Malamin makaranta, Mokolo

Ban ga wanda ya ambaci tsawa ba, mu kuwa a duwatsun Mandara ita ce babbar damuwarmu. Bara ta faɗa kusa da gidanmu, ba ma a kan gidan ba. Mun cire tele daga wuta tun hadari na haɗowa, amma wayar parabol tana ɗaure a dikoda. Ta nan ta shigo, ta ƙona dikoda, ta bi wayar HDMI da ke haɗa dikoda da tele ta kashe telen. Mun gode Allah babu wanda ke kusa. Yanzu da mun ga gabas ta yi baƙi, wuta da wayar parabol duka muke cirewa, mu ajiye bakin wayar nesa da inda yara ke zama. Baba na Njamena, in an kafa ƙarfe a ƙasa don tsawa, a irin ƙasarmu mai dutse da ba ta haƙuwa, yaya kuke yi a wurin ripita?

Dattijo mai rediyo, Njamena

Malam, inda ƙarfe ba ya shiga, shimfiɗa ake yi. Ka ja wayoyin jan ƙarfe masu kauri, tsirara, ta fuskoki daban-daban daga gindin ƙarfen parabol, ka binne su iya zurfin da ƙasa ta ba ka, ka bi inda danshi ke zama. Jikin wayar parabol ma a haɗa shi da su a daidai inda za ta shiga ɗaki, da gajeriyar waya miƙaƙƙiya, kuma a haɗe wannan da ƙarfen ƙasa na wutar gidan su zama ɗaya. Duk da haka ku ci gaba da cirewa in hadari ya taso, kuma kada kowa ya taɓa wayar bayan an fara walƙiya.