Fenti na tsagewa a kan katako, ina mafita?

Ƙanenku daga Bagalam:
Assalamu alaikum yayyena. Zane nake koyo da kaina, ba malami. Dajin arewa nake son zanawa, wajen Dakoro da Gadabeji. Fentin mai da na shafa a katako yana dushewa, bayan 'yan watanni sai ya tsattsage. Kuma in na fita daji, kafin in gama rana ta juya. A taimaka.

Mai allon talla, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Katakon ne ke shanye man, shi ya sa launi ke mutuwa. Goge shi da sanfefa, ka dama farin gam na kafinta, kashi ɗaya gam kashi biyu ruwa, ka shafa gaba da baya har gefuna. In fuska ɗaya ka shafa, lanƙwashewa zai yi. Ya bushe, sai farin fentin ruwa sau biyu.

Tsagewa kuwa gaggawa ce. In ka lafta mai kauri a ƙasa, ka ɗora siriri tun na ƙasan bai bushe ba, sai sama ta ƙame, ciki yana motsi. Fara da siriri, kauri sai ƙarshe. Kananzir na wankin buroshi ne kawai, kar ka tsinka fenti da shi.

Malamar zane:
Batun juyawar rana, allonka ne ya yi girma, ɗana. Tom Thomson, wani mai zane na Kanada wanda ya rasu a 1917, shi ma yawancin aikin da kansa ya koya. Allunan da yake shiga dajin Algonquin da su kamar santimita 21 ne da 27; sai sanyi ya kama ya koma Toronto ya mayar da wasu manya. Fita da sassafe ko bayan la'asar. Inuwa za ka fara sakawa, in ta gusa kar ka bi ta.

Wani daga Dakoro:
Ba wanda ya ambaci ƙura! Da hunturu ɗanyen fenti kamar danƙo yake. Sa kafinta ya haɗa maka akwati mai tsagi-tsagi, allunan su tsaya ba su taɓa juna. Kuma don Allah kar ka zuba shuɗi a sama. Lokacin hazo fari-fari take, da ɗan ruwan ƙasa, itacen da ke nesa ma da ƙyar yake fita.