Wane suna ya dace da ƙaton karen da ba ya zama wuri ɗaya?

Bazazzage: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan kaji a bayan gari, hanyar Shika, ɓarayi sun shiga mini sau biyu a damina ɗaya. Shi ne na sa aka kawo mini ɗan kwikwiyo daga Jos, irin Boerboel ɗin nan na Afirka ta Kudu. Yanzu watansa bakwai, mun ɗora shi a sikelin da muke auna buhun dusa ya ba kilo 40 baya. Bai san zama ba. Ya tsinke sarƙa biyu, ya kifar da duron ruwa, jiya da murnar ganina ya dafa ƙirjina sai ga ni zaune a cikin kashin kaji. Har yau ba shi da suna, "kai" kawai muke ce masa. Yara sun ce Bingo, ni kuwa na ga kowane kare a Sabon Gari Bingo ne. Waɗanda suka taɓa riƙon babban kare, me kuka sa wa naku, kuma ya kuka ƙare?

Tsohon mafarauci: Wa alaikumus salam. Yaro, suna linzami ne, ga mutum ma balle dabba. Na yi shekaru ina fita farautar rani da karnuka, mu ba ma sa suna sai mun ga halin kare a daji. Wanda ke fita kamar an harba kibiya mu ce Harsashi, wanda in ya kama ba ya saki mu ce Kwaɗo, wato na kulle ƙofa. Ina da wata baƙar karya mai farin ƙirji, Hankaka, ita ce ta fi duk mazan iya tsare zomo. Abin da za ka duba shi ne ko sunan zai fita daga bakinka da ƙarfi kana haki. Ka shiga gona ka ƙwala shi sau uku. In ka ji harshenka na sarƙewa, ka bar shi.

Maman 'yan biyu: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni gargaɗi zan yi a kan sunan habaici. Muna yara a ƙauyenmu kusan duk karen gida zance ne aka rataya masa: Bar-su, Sai-ido, Ba-ruwanka, Duniya-labari. Kakata ta sa wa nata Ta-ƙare-musu, lokacin suna 'yar tsama da matar ƙanen mijinta a kan iyakar gona. Kullum da yamma sai ta fito tsakar gida da ƙanzo a hannu ta ɗaga murya, "Ta-ƙare-musu, zo ka ci!" Katanga ɗaya ce tsakani, ta zana ma. Magana ta kai gaban mai unguwa. Kakata ta ce ita da karenta take, mai unguwa ya ce to karen ya sake suna. Ya sake a baki, amma har ya mutu tsohon sunan kaɗai yake amsawa, sai dai ta kira shi ƙasa-ƙasa.

Direban tirela: Ni nawa irin na 'yan sanda ne, mai tsayayyun kunnuwa. Na sa masa Soja saboda tsayuwarsa. Wata rana zan kai shi allura a bayan a-kori-kura, muka zo wani shinge, ya ga mutum da bindiga ya miƙe yana haushi. Ban san lokacin da na leƙo ta taga na daka tsawa ba: "Soja, zauna! Don ubanka zauna!" Allah ya kyauta. Na fi awa ɗaya a rana ina bayani, sai da na nuna katin asibitin karen mai sunan a rubuce, sannan aka yi dariya aka sallame ni. Duk sunan da za ka ji nauyin kiransa a bakin titi, kar ka fara. Ƙaton kare kullum cikin kiransa kake, kuma duk unguwa na ji.

Ɗan Tawa: Mu nan Nijar, wajen Azawak, Buzaye na da dogon kare siriri mai gudun barewa, Turawa ma sunan yankin suka sa wa irin. Wanda na riƙa launinsa kawai na bi, na ce mishi Jatau, shi ke nan.

Malamin Islamiyya: Ɗan Tawa, Jatau ai laƙabin mutane ne a wurinmu, a unguwarmu kaɗai akwai biyu. Nan ne nake so a kula. Riƙon kare don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ya zo a hadisi, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadi a kai, saboda haka gidan kajinka ba abin zargi ba ne. Amma kar a sa masa sunan mutum, musamman sunayen annabawa da sahabbai. Na taɓa raba rigima a kan wani da ya sa wa karensa sunan maƙwabcinsa wai wasa ne, wasan ya ƙare da fasa kai. Wasu na sa Kiɗmir, sunan da masu tafsiri suka ambata wa karen As'habul Kahfi. Alƙur'ani ya faɗi karen amma bai faɗi sunansa ba.

Likitan dabbobi: Malam Bazazzage, karenka bai gama girma ba. Boerboel na ci gaba da cika har wajen shekara biyu, namiji kan wuce kilo 60, don haka duk abin da za ka koya masa yanzu ne. Wajen suna, gaɓa biyu ta fi, uku in ta kama. Kar sunan ya yi kama da umarnin da kake ba shi: in kana cewa "zo" da "zauna", suna irin Zomo ko Zauro zai rikita shi. Ka kira sunan, ya waiwayo, ka miƙa masa guntun nama nan take, sau goma da safe sau goma da yamma. Kar ka kira shi da sunan ka doke shi, zai koyi cewa sunan masifa ne ya riƙa gudu. Kuma tunda daga Jos ya zo, ka tambayi wanda ya sayar maka ko an yi masa allurar haukan kare. Ana yi daga wata uku, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da ke aiki tun 1924, tana haɗa allurar, ga ta nan kusa da inda aka haife shi.

Bazazzage: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi shawarar Baba, na shiga bayan keji na yi ta ihu ni kaɗai har mai gadi ya zo ya leƙa ko lafiya. Katafila ya yi tsawo, Aradu kuma matata ta ce kamar rantsuwa nake yi, Zaki akwai shi a gona ta uku. Guguwa ne ya zauna, don in ya zagaya fili da gudu ƙura ce ke tashi har kan kwanon. Likita, kwana huɗu da kan kaza dafaffe ya fara waiwayowa, katin allurar ma na karɓo. Hajiyarmu dai ta ce ita ba za ta ɓata bakinta ba, "wancan abin" take ce masa, shi kuwa in ya gan ta har kwanciya yake yi. Yanzu saura sarƙa. Akwai wanda ya san maƙerin da ke yin mai kauri a Zariya ko Kano? Ta uku ma ta fara buɗewa a wajen ƙugiya.