Gwaji ya nuna ba a ga ƙwayar HIV ba, zai iya daina shan magani?

Assalamu alaikum, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ƙanina ne aka gano yana ɗauke da HIV bara, lokacin ya rame har wandonsa sai ya ɗaure da igiya, CD4 ɗinsa (ƙirgen sojojin jini) 140. Aka ɗora shi kan maganin HIV mai suna TLD ƙwaya ɗaya kullum, da Septrin na kariya daga wasu cututtuka. Alhamdulillah ya murmure, gwajin wata shida ya nuna ba a ga ƙwayar a jininsa ba, amma CD4 250 kawai ya kai. Yanzu ya kafe wai ya warke zai daina sha, ya gaji da ɓoye robar magani ƙarƙashin katifa. Wlh na rasa me zan ce masa, in ba a ganta ba ina ta shige?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, dan girman Allah kar ya daina. CD4 su ne sojojin jini da ke tada sauran in cuta ta shigo, ita kuma HIV su take shiga, ta cusa kanta cikin ƙwayar halittarsu ta mayar da su masana'antar haifar ire-irenta har su mutu. Maganin hana ta hayayyafa yake, shi ya sa gwaji bai ganta ba, amma wadda ta riga ta shige cikin sojojin da ke kwance tana nan laɓe, magani ba ya fitar da ita. In ya daina cikin 'yan makonni ta dawo, kuma sha yau bari gobe shi ke sa ta bijire wa maganin. Mai lafiya CD4 ɗinsa 500 zuwa 1500 ne, ƙasa da 200 ne su tarin TB suka fi samun ƙofa, to kinga ya haye wannan, a hankali yake tashi.

Wani ɗan uwa:
Shekarata 9 ina sha, na yi aure matata lafiyarta ƙalau yaranmu biyu ma haka. Ki faɗa masa gajiyar nan duk mun yi ta, ya je ya samu masu ba da shawara a asibitin da yake karɓa, akwai irinmu a can.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka da alheri. Ranar karɓar maganinsa Talata ce, ni zan raka shi da kaina.