Neman shawara: kyautar koyon ƙera duwatsun ado na gilashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ta yi shekara 3 tana shirya jigida da sarƙar wuya a gidanmu na unguwar Zariya, nan Maraɗi, amma dukan duwatsun da take aiki da su sayowa take yi a babbar kasuwa, kuma ta sha faɗa mini cewa burinta ta ƙera nata da hannunta. Na ga wani mai sana'a a Yamai yana koyar da 'yan koyo narka gilashi da wutar gas na kwana 3, sai na yi niyyar biya mata ba tare da ta sani ba, a matsayin tukuicin jarrabawar da ta ci. Jaka 50 na tanada. Shin kwana 3 za su amfane ta, kuma me ya kamata in tambayi malamin kafin in biya?

Wani mai walda daga Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwana 3 sun isa ta iya naɗa narkakken gilashi a kan siririn ƙarfen da aka shafa wa ruwan yumɓu don dutsen ya zare, amma da wuya ta fitar da guda goma masu girma ɗaya. Tambayar farko da za ka yi wa malamin ita ce yadda yake hucar da duwatsun, domin gilashin da ya huce da gaggawa yakan tsage, wani lokaci bayan kwanaki, yana wuyan wadda ta saya. Masu aikin kirki suna ajiye shi a tanda mai zafin kusan digiri 500, sannan su rage zafin sannu a hankali. Wanda bai da tanda yakan binne shi cikin toka mai zafi, abin da ke wadatar da ƙananan duwatsu kawai. Ka kuma tambaya ko yana ba da tabarau na musamman, saboda hasken rawaya da ke tashi idan harshen wuta ya taɓa gilashi yana gajiyar da ido ƙwarai. Kada ta zauna gaban wuta da hijabin leda. Auduga za ta sa, ta soke gefen mayafinta ta baya.

Wata Hajiya mai fatauci daga Mokoyo:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, sai dai ban goyi bayan ɓoyewar ba. Ka gaya mata, ka gaya wa mahaifanku, tunda tafiyar ta wuce kilomita 600 kuma sai an san gidan da za ta sauka. Ni na ga Masaga a Bida, ƙasar Nufawa, suna narka kwalabe da itace da zugazugi suna fitar da ƙarau da duwatsu, amma sana'ar gado ce ta maza, ba makarantar da baƙuwa za ta shiga ba. Abin da ke damuna shi ne bayan ta dawo: idan kuɗin duka ya tafi ga mota da malami, da me za ta sayi kan wutar da tukunyar gas? Ka ware mata rabi don kayan aiki.

Wani malamin makaranta daga Bagalam:

Ka bincika ko mai sana'ar na Yamai yana koyar da hanyar mutanen Kurobo na Gana, wadda ba ta buƙatar gas. Ana daka kwalba ta zama gari, a zuba cikin ƙananan ramukan yumɓu, a tsayar da karan ganyen rogo a tsakiya, wanda ke ƙonewa a tanda ya bar huda. Sai dai ta rufe hanci lokacin daka, kuma turmin ya zama nasa daban, ba na kicin ba.

Mai tambaya:

Na gode muku duka. Hajiya, na bi maganarki na sanar da ita daren jiya, har ta fara tara kwalabe. Malamin na Yamai ya ce yana da tanda, amma tabarau guda 2 ne gare shi ga ɗalibai 6, don haka na ce ba zan biya ba sai ya tabbatar mini za ta samu nata.